Rijiyar Malachy

Shekara arba'in da ɗaya nake shan rijiyar nan.
Mahaifina ne ya haƙa ta,
shi da shebur da taurin kai,
a bayan gida, inda tudun Leitrim ya durƙusa.
Yakan ɗaga kofi ga hasken taga, ya ce,
"Dubi. Ko hawayen jariri bai kai shi tsarki ba."
Muka yarda. Wa ke gardama da ruwan sanyi?

Sai Orlaith ta bugo waya daga Galway,
za ta zo gida ta huta, ita da 'yar sati uku.
Wai ungozoma ta tambaya,
"Ruwan gidan mahaifiyarki, an taɓa auna shi?"
Na yi dariya, na ajiye wayar.
Dariyar ba ta kai dare ba.

Kwalbar da suka ba ni ƙarama ce,
da ɗan farin gari a gindinta
da takarda cike da kashedi:
kar ki ɗauraye ta, kar yatsa ya taɓa bakinta.
Na kwance ragar famfo, na goge shi da bilic,
na bar ruwa yana zuba minti biyar cur,
ni da aka raina a kan tattalin ɗigo.
Na cika ta zuwa layi, hannuna na rawa
kamar mai shigar da ƙarar ubanta.

Cikin ƙanƙara na kwantar da ita a kujerar gaba.
Hanyar Sligo, yayyafi,
tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya
sun tsare titi, ni kuwa ina duban agogo.
Yarinyar ɗakin gwaji ta manna lamba.
Malachy ya koma lamba huɗu a jere.

Kwana biyu.
Na sha shayi, amma na bar buta ta daɗe tana kuka.

Takarda ta ce akwai ƙwayoyin cuta,
irin da ke zaune a hanjin dabba.
Na sake ɗaga kofi ga taga. Garau.
An ce ido ba mudu ba, ya san kima.
Nawa dai bai san komai ba.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na sa takalman roba, na fita.
Murfin siminti ya tsage,
tsagar da za ta haɗiye wuƙar tebur,
gansakuka ta daɗe tana rufa mata asiri.
Daga sama shanun Fintan na kallona suna tuƙa,
kuma duk abin da suka ajiye a ciyawa
ruwan sama ya san hanyar gangaro da shi.

Na hau tudun da faɗa cike da bakina.
Fintan ya saurara har na gama,
ya cire hula, ya sosa ƙeya.
"Tawa ma daga jijiyar nan take sha," ya ce.
"Jikokina na zuwa duk Lahadi.
A ina ake karɓar kwalbar?"
Na rasa inda zan ajiye faɗan.

Tare muka zuba kulorin,
muka buɗe kowane famfo
har gida ya ɗauki warin asibiti.
Ya kawo sabon murfi a tarakta,
ya ja shingensa baya taku talatin
yana ƙunƙuni a kan kowane turke.

Jiya Orlaith ta iso.
Na tafasa ruwan madarar jaririya,
na tsaya a kansa kamar mai gadi.
Baba, ban ce ka yi ƙarya ba.
A ranar da ka ɗaga kofin, wataƙila haka yake.

Sun ce a sake gwaji in warin ya tafi.
Kwalba ta biyu na kan taga,
ba komai cikinta sai farin garin nan,
daidai inda kofinka yake zama.
Litinin da sassafe.